Hoton da Aka Jira Har Safe

Ranakun aiki da yawa sun shige mini ban riƙe komai nasu ba, amma ranar da aka kawo mini Malam Sambo na Lambara ta ƙi fita raina, ga shi har na kai ga dogara sanda. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu kafin a tashi. To, zan ba ku, amma wanda ke jiran na dariya ya yi haƙuri. Ku gyara zama. Kai kuma mai duba agogo, in kana sauri ƙofa a buɗe take.

Zamanin Turawa ne, ana sauran 'yan shekaru a karɓi mulki. Ni ne malamin asibitin sha-ka-tafi na En'e a nan Bodinga. En'e, ga waɗanda ba su riske ta ba, ita ce hukumar sarakuna da ke riƙe da kasuwanni da kotun alƙali da ƙananan asibitoci, ita ke ɗaukarmu aiki, ita ke korarmu. Muƙamina bai kai na nas ba. Abin da aka koya mana shi ne wanke gyambo, yin allura, auna magani a kwalba, da gane ciwon da ya fi ƙarfinmu. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin aikin. In ka gane shi, doka ta ce ka rufe ɗakinka, ka nemi mota, ka raka majinyaci har asibitin birni, ka yi wa likita bayani da bakinka. Ɗaki ɗaya gare ni da rumfar kara a gabansa. Daga nan har bayan Shagari, duk wanda ciki ya murɗa wa ko maciji ya sara, wurina ake nufa in an ga dama. Sau da yawa ba a ganin damar sai an gama da mai sassaƙe da wanzami, sannan a tuna akwai ni.

Bazara ce, zafi na dukan mutum tun hantsi, ana ta cire albasa a fadama. Da sassafe wasu maza suka shigo da shi a kan gadon kara, gumi na tsiyaya musu, tun asuba suke tafe. Dattijo ne siriri mai farin gemu, manomin gero da albasa. Bayansu wani magidanci ne da takalmansa a hannu. Shi bai shigo rumfar ba, sai ya tsuguna daga waje, ya juya fuskarsa wajen hanya.

Na tambayi abin da ke faruwa, kowa ya sa baki sai mai ciwon. Ciki ya kumbura, in ji su, yana ta amai, ko ruwa ba ya zama. Sun ba shi jiƙon filasko, sun ba shi kanwa, babu abin da ya sauka. Na ce, madalla, kun kyauta, kun samu hanya a toshe kun ƙara turo mata kaya. Na kore su duka waje, na sa a shigar da shi ɗaki, na ja ƙofa.

Sai a nan Malam Sambo ya buɗe baki. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma hankalinsa garau.

“Malam, ciwon shina zuwa shina komawa. In ya zo sai in ji kamar ana matsar wanki a cikina, in ya tahi sai in samu lahiya kaɗan.”

“Rabonka da bayan gida fa, Baba?”

“An kwan biyu.”

“Iska fa? Ka yi haƙuri, aiki ne ya sa nake tambaya.”

Ya dubi ƙofa ya tabbata a rufe take, sannan ya girgiza kai. Da na ɗaga rigarsa na ga tsohon ɗinki a mararsa. Ya ce shekarun baya an yi masa aikin gwaiwa a birni, ya sha wuyar da ba ya fatan maƙiyinsa ya sha. Na sa kunne a cikin, hanji na ta kuka yana faman tura abin da ba ya turuwa. Ban yi wata shakka ba. Hanji ya toshe, kuma wannan ba ciwon kwalbata ba ne.

“Birni za mu, Baba.”

“Wuƙa kuma?”

“Likita ne zai faɗa, ba ni ba.”

Ya rufe ido, ya ce Allah shi zaɓa muna abin da ya fi alheri.

Na fito na tambayi wanda zai zauna jinya, don asibitin birni ba ya karɓar majinyaci sai da mutum guda nasa. Masu ɗauko shi suka fara duban juna. Maƙwabta ne, kowa ya bar albasarsa a ƙasa, in ta ƙara kwana a wannan zafi ta lalace. Ƙanen Malam Sambo ido ya mutu masa. Ɗansa na biyu, Ladan, wanda aka ce shi ne abokin hirarsa, tare suke cin tuwo suna gardamar farashin albasa, ya bi mota da kaya zuwa Kudu. Mata kuwa ba a maganarsu a ɗakin maza. Sai duk suka juya suka dubi wanda ke tsugune a waje.

“Ai ga Buhari nan. Ɗansa na, na fari. Tela na, kasuwar Shagari yake ɗinki.”

Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da iyayenku kuna kallon ƙwallo, sai na yi muku bayani. A wancan lokaci, a ƙasar nan tamu, uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa har ya mutu. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya dariya a gabansa, ba ya nuna ya san da shi. Ɗan kuma ba ya haɗa ido da uban, ba ya zama inda yake zaune. In akwai magana, a ba wani ya kai. Ba ƙiyayya ba ce, sau da yawa ma shi aka fi so, amma ba a nunawa. Malam Sambo in zai ambaci Buhari sai ya ce “telan nan” ko “wancan”. Duk wanda ya ga yadda suke sai ya ce gidan nan akwai tarbiyya. Ni ma haka na ce a raina, don nawa uban ma haka ya yi da yayana.

Muka samu motar 'yan albasa mai zuwa Sakkwato. Aka shimfiɗa Malam Sambo a kan buhuna, ni ina gefensa da kwanon amai. Rana ta take, babu rumfa a motar. Buhari ya warware rawaninsa, ya ba ni gefe ɗaya na ɗaura jikin ƙarfe, shi ya riƙe ɗaya gefen ya yi wa uban inuwa. Hannunsa a miƙe yake kan uban, fuskarsa na kallon daji. Haka ya riƙe har muka shiga birni, bai sauya hannu ba, bai waiwayo ba.

Asibitin birni muka tarar ba wurin sa ƙafa. Shekarar nan sanƙarau ya yi tsanani, an kwantar da mutane a baranda, an kwantar a gindin itatuwa. Ɗakin maza nas ɗaya ne ke riƙe da shi, Malam Yakubu, mutumin kirki, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Likita kuwa guda ne mai yin tiyata, wani Bature dogo da muke kira Mai Lofe, don lofensa ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki. Yana jin Hausa daidai gwargwado, amma in magana ta yi nauyi sai ya nemi a fassara.

Da ƙyar aka samar wa Malam Sambo gado a jikin taga. Likita ya duba shi, aka zura masa roba ta hanci har ciki don a zuƙe abin da ya taru, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ya kira ni gefe ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibai. Ya ce tsohon ɗinki yakan yi zare-zare a cikin mutum, zaren ya shaƙe ƙaramin hanji. Wani lokaci in aka huta da cikin, ba ci ba sha, hanjin yakan kuɓuce da kansa. Wani lokaci kuma ba ya kuɓucewa sai an yanka. In ka yi gaggawar yanka, ka yanka mutumin da zai warke ba wuƙa, kuma dattijo irin wannan, a bushe haka, maganin barci na wancan zamani kaɗai ya isa ya tafi da shi. In ka yi jinkiri, jini ya daina zuwa wurin da aka shaƙe, hanjin ya mutu, mai shi ya bi shi. Ya ce duk aikin bai wuce sanin lokaci ba.

Abin da ke taimaka masa ya san lokacin shi ne wani farin ruwa mai kama da kunun farar ƙasa, da ake kira bariyam. Ana tsinka shi sosai a zuba ta robar hanci, a bar shi ya bi hanya. Shi wannan ruwa yana fitowa fari fat a hoton ciki. A ɗauki hoto bayan ɗan lokaci, a sake ɗauka washegari. In ya gangara ya isa babban hanji, hanya ta buɗe, an tsira daga wuƙa. In yana nan inda ya tsaya, sai tiyata. Injin hoton kuwa da injin wuta yake aiki, ana tayar da shi da safe, a kashe shi bayan la'asar, sai kuma gobe.

Na fassara wa Malam Sambo. Da ya ji akwai hanyar da ba wuƙa, sai ya kamo hannun likita da hannu biyu.

“Ranka shi daɗe, a yi min wannan. Ko kwana nawa na, ni jira.”

“Ba kwana nawa ba, Baba,” in ji likita. “Zuwa gobe da safe.”

Aka zuba farin ruwan. Kafin a kashe inji aka ɗauki hoton farko. Likita ya ɗaga shi wajen haske, ya nuna mini da bakin lofensa inda farin ya taru a sama. Ya ce wannan bai ce komai ba tukuna, da wuri ne, hoton safe shi zai yanke hukunci. Sai ya cire lofen daga bakinsa, abin da ba ya cika yi ba, ya ce in saurara da kyau.

“Jiran hoto na cikin da ke iya jira ne. Yanzu ciwon yana zuwa yana tafiya. In ya zo ya zauna bai tafi ba, in cikin ya yi tauri, in zazzaɓi ya taso, to kada a jira hoto, kada a jira safe. A aiko gidana ko wane lokaci ne. Nas ɗina mutum ɗaya ne, ba zai iya tsayawa kan gado guda ba. Wa ke tare da shi?”

“Ɗansa, ranka ya daɗe.”

“Ɗansa na cikinsa? Madalla. Wa zai fi shi kula?”

Na fita baranda na sami Buhari. Ya zaɓi wuri daidai ƙarƙashin tagar da gadon uban yake, ya jingina bayansa da bango. Na tsuguna na zayyana masa maganar likita ɗaya bayan ɗaya, na sa ya maimaita, ya maimaita daidai.

“Kada ka yi nisa da shi, Buhari.”

“Ba ni ɗagawa daga nan, Malam. Ko numfashi nai ya sake, ni ji.”

Na koma ciki na gaya wa Malam Sambo shi ma. Na ce in ciwon ya sake hali, ya yi magana, kada ya daure. Ya ce to, Malam, Allah shi saka da alheri. Na gaya wa Malam Yakubu, ya ce zai riƙa leƙawa duk sanda ya zagayo. Kowa ya ji, kowa ya amsa. Ni kuma ba ni da izinin kwana a birni, don na bar asibitina a rufe, masu allura na jira. Na bi motar yamma na dawo Bodinga.

Washegari ta zo daidai da ranar da nake zuwa karɓo magunguna a siton En'e. Na sallami waɗanda suka yi sammako, na hau mota, na isa birni da hantsi. Kafin in je sito na biya asibiti. Buhari na nan inda na bar shi, bayansa jikin bango, leɓɓansa sun bushe, da gani bai runtsa ba. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki.

“Yaya mai jiki?”

“Alhamdu lillahi, Malam, da sauƙi ƙwarai. Jiya da rana ina jin nishinai in ciwon ya taso. Tun magariba kuwa shiru, ko tari bai yi ba. Yanzu anka tura shi ɗakin hoto.”

Ya faɗa yana murna. Ni ma na so in yi murna, amma na kasa. Mai toshewar hanji da ya samu sauƙi yakan nemi bayan gida, yakan roƙi ruwa, yakan dami mutane. Shirun nan bai yi mini ba.

Na sami Malam Sambo a kan gadon tura majinyata a ƙofar ɗakin hoto, an riga an ɗauka, ana wanke fim. Ba mutumin da na bari jiya ba ne. Idanu sun faɗa, hanci ya yi tsini, gumi mai sanyi ya jiƙe masa goshi. Gefen bargon da aka rufa masa duk ya tattaune, har da jini a jiki, inda ya yi ta cizo. Na sa hannu a cikinsa, tauri kamar allo, kuma ina taɓawa ya ɗauke numfashi. Na kama wuyan hannunsa, jijiya na gudu siririya, da ƙyar nake jin ta.

“Baba, tun yaushe ya zauna?”

“Tun anka yi kiran magariba.”

“Haba Baba. Ba mu yi da kai za ka yi magana ba?”

Ya tattara numfashi.

“Malam, wancan shina ƙarƙashin taga. Ina jin motsinai. In buɗe baki in yi raki shi ji?”

“Nas fa? Bai zo ba?”

“Ya zo, Allah shi biya shi. Daga ƙafar gado yat tsaya, yac ce Baba yaya jiki. Da ƙarfi yat tambaya, don ɗakin da hayaniya. Nic ce da sauƙi.”

Raina ya ɓaci, amma na rasa da wa. Ga dattijo ya kwana yana cin bargo don kada ɗansa ya ji kukansa, ga ɗa ya kwana da kunne a bango yana jiran kukan da ba za a yi ba. Tsakaninsu bai fi kamu uku ba.

Mai Lofe ya fito da hoton a hannu, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Farin na nan inda yake jiya, ko taki ɗaya bai ƙara ba. Amma bai ma tsaya kan hoton ba. Yana ganin fuskar majinyacin ya miƙa wa mai ɗakin hoto fim ɗin, ya ɗora hannu a cikin, ya ɗago ya dube ni.

“Wannan ba na yanzu ba ne. Me ya sa ba a kira ni ba? Ina ɗan nasa? Barci ya yi?”

“Bai yi barci ba, ranka ya daɗe. Ɗan fari ne.”

“To, sai me?”

Na yi masa bayani a gajarce. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya dubi bargon, ya sa lofensa a aljihu, ya ce a shirya tiyata yanzu, a ɗaga duk wanda ke kan layi. Shi ma a gajiye yake, tun asuba yana kan masu sanƙarau.

Muna tura shi zuwa ɗakin tiyata na sunkuya na ce, “Baba, in kira maka shi? Ko daga ƙofa ne ku ga juna.”

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, “Bar shi. Kada shi gan ni haka. Ka dai ce ma telan nan na yahe mai, duniya da lahira. Bai taɓa ɓata min ba, ko sau guda.”

Na fito na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Buhari ya dube ni, murnar ɗazu na zubewa daga fuskarsa. Ya ce, ba an ce da sauƙi ba? Na ce hoto ya nuna sai an yi aiki. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan a lokacin. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya koma ya zauna a ƙarƙashin tagar, alhali gadon babu kowa.

Ba ni da hurumin shiga tiyata, sai na tafi sito na yi layin magani, na dawo bayan azahar. Malam Yakubu ne ya ba ni labari. Zare guda ne tak, siriri, ya shaƙe hanjin. Likita ya ce da an buɗe tun farkon dare, almakashi ɗaya ya isa. Amma sun tarar hanjin ya yi baƙi kusan tsawon hannu, har ya fara yoyo a cikin. An yanke, an haɗa, an wanke, an rufe. Malam Yakubu na faɗa yana share ido, yana cewa ya leƙa shi, wallahi ya leƙa shi, dattijon ya ce masa da sauƙi. Na ce na sani, dattijon ma ya shaide ka.

Malam Sambo ya fito da rai, amma bai farfaɗo sosai ba. Washegari da la'asar Allah ya karɓi abinsa. Ina Bodinga motar da ta ɗauko gawar ta wuce, ba ta tsaya ba. Direban ne ya gaya mini da ya dawo.

Na sha juya wannan al'amari a raina, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne na rasa wanda zan ɗora wa. Likita ya tsara lokacin hotonsa daidai, ya kuma faɗi sharaɗinsa. Nas ya zagaya ya tambaya. Ɗa ya tsare wurinsa bai runtsa ba. Uba ya riƙe mutuncinsa yadda aka rene shi. Ni na fassara kowace kalma. Da sakaci ne da an hukunta wani an huta. Kowa ya yi abin da ake yabonsa a kai, mutum ya mutu a tsakiyarmu.

Abin da na ɗauka daga nan shi zan bar muku. Farin ruwa da hoto suna gaya maka inda hanya ta tsaya, amma sai lokacin da aka yanka musu ya cika. Tsakanin hoto da hoto babu inji, sai mutum. Yanzu kuna da ruwan da ya fi namu kyau, kuna da wuta in an kawo, amma jiran nan yana nan, kuma har gobe wani ake bari a bakin gado. Don haka ku san wa kuka bari. Tun daga ranar ban sake raka majinyaci ba sai na tambayi mai jinya mene ne shi a wurinsa. In ɗan fari ne, ko suruki, ko duk wanda ake jin nauyinsa, sai in ce a nemo wani, ko da maƙwabci ne da suke zagin juna. Kuma mutanenmu ba a tambayarsu jiki daga ƙafar gado. Ka matso, ka rage murya, ka sa hannu a cikin da kanka. Kun ji na ce da kanka, ba ɗalibin da ke bin ka ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata ranar kasuwa, ina rufe ɗaki sai ga Buhari. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya zauna a bakin rumfa yana wasa da wani tsinke a ƙasa. Ashe wani da ya yi jinya a ɗakin ya ba shi labarin bargon.

“Malam, tambaya gare ni, kuma don Allah kada ka lallashe ni.”

“Ina jin ka.”

“Da na shiga daren nan, na tsaya kansa na tambaye shi, da ya hwaɗa min?”

“Da bai faɗa ba, Buhari. Da ya ce maka da sauƙi, ya juya fuska bango.”

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama amsar da yake jira ke nan. Na ɗauka ya gama, har na ɗauki makullina. Sai ya sake magana, bai ɗago ba.

“Da ƙanena Ladan na fa, ba ni ba?”

Na yi shekaru ina gaya wa mutane maganar da ba su son ji, amma wannan na kasa. Na tsaya da makulli a hannu ina duban ƙasa. Ya jira ni, ya jira, sannan ya ajiye tsinken, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

“Na gode, Malam,” in ji shi. “Ka amsa.”